Ƙwarƙwatar Kifi: Yadda Take Shiga Tanki da Yadda Ake Raba Ta da Shi

Ƙwarƙwatar kifi ƙaramar halitta ce ta ruwa, dangin ƙaguwa da jatan lande, wadda take manne wa jikin kifi tana shan jininsa. Masana suna kiranta Argulus. Falanfalan take, mai zagaye, girmanta daga milimita 5 zuwa 10, kuma jikinta garai-garai ne, shi ya sa ido ba ya saurin kama ta. A ƙarƙashinta akwai mazuƙa biyu da take kafewa da su, da wani siririn tsinke da take huda fata. A ruwan teku tana da 'yan uwa da suka fi ta muni, waɗanda ake kira aisofod. Wasunsu sukan ɓuya cikin duwatsun da masu akwatin kifin ado suke sayowa, su fito da dare su far wa kifi. Wata kuma, mai suna Cymothoa exigua, harshen kifi take tsotsewa har ya lalace, ta zauna a gurbinsa. Jos ta jihar Filato ba ta da teku, amma ta ruwan daɗin ta ishi mai kiwo fitina.

Kiwon kifi ya daɗe a Filato. Tun farkon shekarun 1950 aka kafa gonar kifi ta Panyam a yankin Mangu, inda aka shigo da kifin kaf daga ƙasashen waje, ga kuma ɗimbin kududdufan da haƙar kuza ta bari. A unguwannin Jos masu cunkoso irin Congo-Russia, inda fili ya yi ƙaranci, tankin siminti ko na roba ko na tamfol a tsakar gida shi ne abin da mai kiwo yake iya samu. Ƙwarƙwata ba ta tsirowa daga dattin ruwa kamar yadda wasu suke zato. Kawo ta ake yi: a jikin 'ya'yan kifin da aka sayo, ko a ruwan da aka ɗebo daga kududdufi, ko a raga da ciyayin ruwa da aka aro daga wani wuri.

Kifin da ta kama yakan riƙa goga jikinsa a bangon tanki, yana zabura, yana rage cin abinci. In aka ɗago shi aka duba gindin fikafikai da bayan kai, sai a ga jajayen ɗigo, wani lokaci a ga ita kanta tana silalewa a kan fata. Babban kifi yakan jure guda biyu ko uku, amma ɗan tsurut ba ya kai labari. Mafi yawan asarar ma ba daga shan jinin take zuwa ba, daga ƙwayoyin cuta ne da suke bi ta ƙofar raunin su mai da shi gyambo.

Inda masu kiwo suka fi yin tuntuɓe shi ne wajen ƙwai. Macen takan bar jikin kifi ta je ta jera ƙwanta layi-layi a kan abu mai tauri, bango ko dutse ko bututu, ta like su da wani abu mai danƙo. Yawancin magunguna ba sa ratsa su. A ruwa mai ɗumi sukan ƙyanƙyashe cikin 'yan makonni, amma sanyi yana jinkirta su ƙwarai. Jos kuwa tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma hunturunta sananne ne. Sai mai tanki ya yi magani a watan Disamba ya ga kifi ya lafa, ya saki jiki, zafin Maris na shigowa sabbi su cika ruwan.

Saboda haka aikin hawa biyu ne. Hawa na farko shi ne kifin kansa. In kifin kaɗan ne, ana cire ƙwarƙwatar da hantsaki a hankali, a kan jiƙaƙƙen tsumma, a mayar da kifin cikin ruwa mai tsabta. Gishiri yana taimaka wa rauni ya warke, sai dai shi kaɗai ba ya gamawa da ita. Ana kuma yi wa kifi gajeren wanka da sinadarin famanganet mai launin shunayya, amma da awon likitan dabbobi, don in ya yi yawa yana ƙona wurin numfashin kifi. Zuba maganin ƙwarin gona a tanki, wanda wasu suke yi don neman sauƙi, ganganci ne: yana kashe kifi, kuma wanda ya tsira yana iya kai gubar cikin tukunyar mai saye.

Hawa na biyu shi ne tankin kansa. Ana kwashe kifin, a zubar da ruwan, a kankare bango da bututu da buroshi, a bar rana ta busar da shi ƙayau na kwanaki, domin ƙwan ba ya jure bushewa. A kududdufin da ba ya zubuwa, akan kafa katakai ko sanduna cikin ruwa don macen ta yi ƙwai a kansu, a riƙa fitar da su duk mako ana shanyawa. Sabon kifi kuma ana ware shi a wani mazubi daban na mako uku zuwa huɗu, da ragarsa da bokitinsa, kafin a haɗa shi da na gida.