Iska da Ruwa: Tsarin Gida a Ƙasar Sin da a Dungu

Kowace shekara, da zarar an kai amfanin gona gida, kuɗin gyaɗa da na rake sun shigo hannu, sai aikin gini ya tashi a Dungu da ƙauyukan da ke kewaye da ita, cikin ƙasar Matamaye ta jahar Damagaram. Wani zai yi wa ɗansa aure yana bukatar ɗaki, wani katangarsa ce damina ta kayar, wani kuwa ya sami sabon fili ne a bayan gari. Kafin a ɗora tubali na fari, sai mai gida da magini sun tsaya sun yanke shawara a kan inda ƙofar zaure za ta duba, da inda za a kafa murhu da rumbu, da kusurwar da za a haƙa masai. Sau da yawa cikin ɗan lokaci kaɗan ake yanke wannan shawara, alhali kuwa iyali za su zauna da sakamakonta shekara talatin ko fiye.

Mutanen ƙasar Sin sun mai da wannan shawara ilimi mai zaman kansa, da littattafansa da malamansa. Suna kiransa fenshuwe, ma'anarsa iska da ruwa. Yanzu labarinsa ya fara isowa ga ma'aikatanmu ta wayar hannu, kuma mutanen Sin ɗin kansu ba baƙi ba ne a jahar, tun ba ma daga shekarar 1974 da Nijar ta ƙulla zumunci da ƙasarsu, da kuma 2011 da aka buɗe matatar man fetur ta SORAZ a arewa da birnin Damagaram. Saboda haka ya kamata masu karatu su san abin da ilimin ya ƙunsa, da abin da za a ɗauka, da abin da za a bar musu.

Zaɓen wurin kabari yana cikin tushensa. Littafin da ake jingina wa wani masani mai suna Guo Pu, wanda ya rayu daga shekarar 276 zuwa 324, ya yi bayani cewa akwai wani ƙarfi na rayuwa da suke kira ci, wanda iska ke watsarwa, ruwa kuma ke tsayarwa. Ban da kabari, ana bin dokokin a gidaje da birane. Gida nagari a wurinsu shi ne wanda ya ba tudu baya, ya dubi kudu, ruwa yana gabansa. Fadar sarakunan Sin da ke Bejin, wadda aka gama ginawa a 1420, kudu take duba, kuma da ba a sami tudu a bayanta ba sai aka tara ƙasar da aka haƙo daga ganuwar ruwa aka yi mata tsauni na hannu a arewa. Gwamnatin Mao ta hana wannan sana'a, musamman tsakanin 1966 da 1976, tana kiranta camfi, amma ba ta mutu ba. A Hong Kong har manyan bankuna sukan nemi shawarar malamanta kafin su yi gini.

Masana kimiyya ba su sami wata shaida ba game da wannan ƙarfi na ci. Amma in aka tone dokar duban kudu sai a tarar da hankali a ƙarƙashinta. A arewacin Sin sanyin hunturu yana kisa, iskarsa daga arewa take busowa, rana kuwa a lokacin tana can ƙasa-ƙasa wajen kudu. Wanda ya toshe arewa ya buɗe kudu ya kori sanyi ya jawo rana ɗakinsa. To, wannan magani ne na ciwon da ba mu da shi. A Dungu, cikin watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, rana abar gudu ce. Wanda ya kwafo dokar Bejin ya dasa ta a nan, ya ɗauko rigar wani ne ya sa ba a gwada ba.

Hausawa ma suna da nasu tsarin, sai dai ba a rubuta shi a littafi ba, yana hannun magina da tsofaffi. Wani Bafaranshe mai suna Guy Nicolas, wanda ya yi bincike a ƙasar Kance da kwarin Maraɗi, ya buga wani rubutu a 1966 inda ya nuna yadda Bahaushe ke shimfiɗa gari da gona da gida bisa kusurwoyi huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa. Gabas ita ce gaba, kudu tana hannun dama, arewa tana hagu. A zamanin da, ba a kafa gari ko gida sai an yi kafi, wato an binne magani don tsari. Musulunci ya sauya wannan da addu'a da sadaka a wurin mafi yawan jama'a, amma girman gabas bai ragu ba, sai ma ya ƙaru, tun da can alƙibla take. Abin lura a nan shi ne, daga ƙasar Matamaye alƙibla ba gabas tsaf ba ce. Tana karkata wajen arewa da kimanin digiri 20. Masu gini da yawa da fitowar rana suke auna ta, ita kuwa rana tana sauya mafita daga rani zuwa damina.

Zaure shi ne wurin da tsarin nan biyu suka fi kama da juna. Magini na gari ba ya jera ƙofar waje da ta ciki a kan layi ɗaya, sai ya kautar da su, domin mai wucewa kada ya hangi tsakar gida. Gidajen gargajiya na Bejin suna da wata gajeriyar katanga a bayan ƙofar shiga. Su suna cewa miyagun iskoki miƙe suke tafiya, ba su iya kwana. Mu muna cewa sutura ce ga iyali. Ko wane dalili aka bayar, ƙura da guguwa ma ba su samun miƙaƙƙiyar hanya zuwa inda ake daka da girki. Abin takaici, gidajen siminti na yanzu da yawa sun yar da zaure, an maye gurbinsa da ƙofar ƙarfe mai buɗewa kai tsaye cikin gida, sa'an nan a dawo a rataya buhu ko tsohon zane don a rufe abin da zaure ke rufewa da mutunci.

Iska biyu ke mulkin wannan ƙasa, kuma duk mai tsara gida sai ya yi lissafi da su. Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da ƙura. Da damina iskar yau da kullum daga kudu maso yamma take zuwa, mai laima da sanyi, amma hadari kansa daga gabas yake tasowa, ruwansa yana dukan bangon gabas a karkace. Shi ya sa bangon gabas ke riga sauran zaizayewa, shi ya sa kuma magina ke ƙara masa yaɓe, masu hali su shafe shi da makuba. Ƙofar ɗaki mai duban gabas tana shan ruwa da damina, ta sha ƙura da hunturu. A garuruwan Barno, inda zuriyar sarakunan Damagaram ta samo asali, fada takan zauna a gabashin dandali ƙofarta na duban yamma, ta ba hadari baya. Amma yamma ma tana da nata laifi, don ranar la'asar tana gasa bangonta, in na bulon siminti ne ya riƙe zafin har tsakar dare. Abin da masana gine-gine ke ba da shawara ga ƙasashe irin namu shi ne a miƙe ɗaki daga gabas zuwa yamma, dogayen bangaye su dubi kudu da arewa, a huda tagogi a cikinsu daura da juna don iska ta ratsa, a dasa itace mai inuwa a yamma.

Murhu da rumbu ba su ga maciji da juna. Gobara da hunturu take tashi, lokacin da kara da zana da ciyawar dabbobi suka bushe ƙayau. Tun da iskar lokacin daga arewa maso gabas take, tartsatsi kudu maso yamma yake nufa. Ke nan wanda ya kafa rumbunsa a kudu maso yammacin murhu ya ajiye abincin shekara a bakin wuta. Daidai shi ne rumbu da tarin kara su kasance ta inda iska ke fitowa, da tazara mai kyau. Hayaƙi ma abin tsoro ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na cikin gida ya jawo mutuwar mutum miliyan 3 da dubu 200 a shekarar 2020, mata da ƙananan yara ne kuwa suka fi shaƙarsa. Madafi yana son rumfa mai buɗaɗɗen gefe, ba ɗaki mai ƙofa ɗaya ba. Haka kuma kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki da sanyi a kulle ƙofa, yana fid da wata iska marar wari wadda ke kashe mutum cikin barci.

Game da masai, addini ya riga ya yi magana: an hana mai biyan bukata fuskantar alƙibla ko ba ta baya. Malaman Malikiyya sun sauƙaƙa a cikin gini, duk da haka jama'a sun fi son ramin ya dubi kudu ko arewa, kuma babu wahala a yi hakan tun wajen haƙa. Abin da aka fi mantawa shi ne rijiya. A fadamun wannan yanki ruwan ƙasa ba shi da nisa, shi ne ma arzikin masu rake da lambu, ƙasar kuwa rairayi ce mai saurin tsotsewa. Ma'aikatan tsabta suna neman a bar mita 30 tsakanin masai da rijiya, masai kuma ya kasance ta gangare. Katanga ba ta tsayar da abin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, saboda haka rijiyar maƙwabci ma tana cikin lissafi.

Sai cikin ɗaki, inda mutanen Sin suka fi yawan dokoki. Suna cewa kada ƙafar mai barci ta miƙe wajen ƙofa, don haka ake fitar da gawa. Kan gado ya jingina da bango mai ƙarfi. Mai kwance ya iya ganin mai shigowa. Madubi kada ya dubi gado. Akwai kuma ƴan kasuwa masu sayar da kwaɗon ƙarfe mai kuɗi a baki, wai yana jawo arziki. Wannan dai arzikin mai sayarwa yake jawowa, kuma Musulmi ba ya bukatar a gaya masa matsayinsa. Bahaushe nasa lissafin daban ne. Sunna ce a kwanta a kan hannun dama, mutane da yawa kuma suna son fuskarsu ta dubi alƙibla, ba su son miƙe ƙafa wajenta. In za a cika wannan, sai gado ya miƙe daga kudu zuwa arewa, kai yana kudu. To, gadon da ya miƙe haka, ko dai ya bi bangon gabas mai laima da damina, ko ya bi na yamma mai zafi da bazara. Mafita ita ce a janye shi daga bango kamar kamu ɗaya. Wannan ƴar tazara tana ba tsintsiya hanya, tana barin a soke gidan sauro ƙarƙashin katifa ta kowane gefe, tana kuma sa a ga gara ko tsagewa da wuri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kunama ma haka.

Ɗakin amarya shi ne inda aka fi karya waɗannan ƙa'idodi, kuma ba da mugun nufi ba. Iyaye suna son a ga ƙoƙarinsu. Jeren kwanoni da tasoshi na da yana hawa bango ne, bai cika cin wuri ba. Yanzu kuwa gado ne babba, da kabad mai kai wa rufi, da kujeru, duk a cikin ɗakin da aka gina don gadon kara da tabarma. Masu jere sukan duba bangon da kabad zai fi kyau ga mai shigowa, in taga tana wurin sai a rufe ta. Daga ranar ɗakin ya zama tanda. Bayan shekara biyar ga uwa ga yara uku suna kwana a ciki ba mashigar iska, alhali cunkoso a rufaffen ɗaki yana cikin abubuwan da ke taimakon sanƙarau yaɗuwa da rani, irin wanda ya auka wa jahar Damagaram a ƙarshen 2022 da farkon 2023. Kafin a ba kafinta aiki, a auna ɗakin da igiya, a kai masa awon tare da wurin taga.

Akwai rabon hukuma a cikin wannan magana. Mai gida ba ya iya bin iska da ruwa in filin da aka yanka masa bai ba shi dama ba. Sau da yawa a kan takarda ake ja layukan sababbin unguwanni da rani, a raba filaye a miƙe, ba a tambayi tsofaffin gari ta inda ruwa ke bi ba. Daminar 2024 ta nuna abin da ruwa ke iya yi: gidaje masu yawa sun rushe a ƙasar nan, har tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya faɗi a farkon watan Satumba. Ya kamata masu awon filaye su zagaya da mai gari da magina kafin su kafa turaku, su ware wa ruwa hanyarsa, su kuma nuna wa maƙwabta gefen da kowa zai haƙa masai don ramuka su haɗu a wuri guda nesa da rijiyoyi.

Wanda yake da niyyar gini bayan girbi mai zuwa, aikinsa na fari da damina yake. In an yi ruwa mai ƙarfi ya ɗauke, sai ya je filin da sanda, ya duba inda ruwa ya kwanta da inda ya bi ya fita, ya kafa turaku a wuraren. Inda ya kwanta ba wurin ɗakin kwana ba ne, sai a cike shi ko a bar shi ga ƴan itatuwa. Inda ya bi kuwa nan za a bar mafitar ruwa a gindin katanga, kuma can ne bakin indararo zai duba.