Waya a Hannu, Ido a Karofi

Sa'ad da muke yara, idan malami ya ce za a kai 'yan aji ziyara wani gari, abin da za a shirya ke nan: guzuri, da littafin rubutu, da fensir biyu, ko ɗaya ya karye. Yau kuwa kafin mota ta tashi sai an tambayi wa yake da caji, wa yake da data. Wayar hannu ta bazu a Nijeriya tun daga shekarar 2001, babbar waya mai shafawa kuma ta fito a 2007, ga shi yanzu har cikin jakar makaranta ana samunta. Muna so mu ba iyaye labarin abin da muka gani a ziyararmu zuwa birnin Kano tare da 'yan babban aji, gama tun da muka komo muke ta shawara a kan wannan abu.

Bari mu fara ba wayar hakkinta, domin ta yi mana aiki ƙwarai. Mako biyu kafin tafiya muka sa yaran su nemi labarin wuraren da za mu. Suka zo da abubuwa masu kyau. Sun samo cewa a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, aka fara gina ganuwar Kano. Sun samo cewa Gidan Makama, inda ake ajiye kayan tarihi yanzu, ginin ƙarni na 15 ne, na zamanin Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Wata yarinya ta nuna mana bidiyon hawan dawaki na Sallah, ta kuma gaya mana cewa a 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Mu kanmu malamai ba mu san wannan ba. A dā sai mutum ya yi sa'ar samun littafi a laburare kafin ya ji rabin waɗannan.

Taswira ma abin mamaki ce. Wayar takan karɓi sigina daga taurarin ɗan'adam da ke kewaya duniya, idan ta sami aƙalla huɗu sai ta auna inda mutum yake tsaye. Wannan ba ya bukatar data. Abin da yake cin data shi ne hoton taswirar, saboda haka mai dabara yakan sauke taswirar garin tun yana gida, ko sabis ya ɗauke a hanya tana nan. Haka muka yi. Kuɗin abinci da na mai kuwa ta waya aka biya, babu wanda ya ɗaura kuɗi a ƙugu. Da yamma aka aika wa iyaye hotuna ta WhatsApp, hankalinsu ya kwanta.

Amma taswira ba ta san faɗin mota ba. Da muka shiga cikin birni muryar wayar direba ta ce a yi dama, ya yi dama, sai ga mu cikin wani lungu wanda amalanke biyu ba za su wuce juna ba. Wani tela ne ya bar kekensa ya fito ya yi ta ba da hannu har muka koma da baya. Ya ce, "Malam, da kun tambaya tun daga bakin titi." Ba mu da amsa.

Inda muka fi daɗewa shi ne karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa. Ramuka ne masu zurfi a jere, waɗansu da ruwan baba, da yawa kuwa a bushe, gama atamfa mai araha daga ƙasashen waje ta kashe kasuwar marina. Da isarmu wayoyi suka tashi sama kamar an ba da umarni. Wani dattijo yana zaune a bakin raminsa, hannuwansa sun rine har gwiwa. Bai ce kome ba sai da aka gama ɗauka. Sa'an nan ya dubi ɗaya daga cikin yaranmu ya ce, "Yaro, ka ɗauki hotona, amma ba ka gaishe ni ba." Kunya ta kama mu duka, mu malamai fiye da yaran, domin mu ne ba mu koya musu ba. Yaron ya durƙusa ya ce, "Ka gafarce ni, Baba. Ina wuni?" Dattijon ya yi dariya, ya ce a matso.

Muka sa aka mai da wayoyi aljihu. Ya gaya mana yadda ake zuba ganyen baba da toka cikin ruwa, a rufe, a bar shi kwanaki yana ruɓa, ana motsawa har ya nuna. Ya ce da wari da kumfa yake gane ramin da ya isa aiki. Ya tsoma farin ƙyalle, ya jira, ya fitar. Ƙyallen ya fito kore-kore. Yaran suka ce ai bai kama ba. Ya ce a yi haƙuri. Muna tsaye muna kallo, iska tana bugunsa, sai ya juya ya zama shuɗi a gaban idonmu. Ya ce haka ake ta tsomawa ana fitarwa har launin ya yi duhu, daga nan a kai wa mabuga su buga shi da itace sai ya yi ƙyalli, irin wanda Buzaye suke so domin rawani. Ko dattin da ke kwance a gindin rami ba a zubar da shi. Katsi ke nan, da shi akan haɗa laso na shafen gini.

Malamin kimiyyarmu ya bayyana wa yaran cewa iskar da muke shaƙa ce take haɗuwa da ruwan baban ta canza masa launi. Ana iya karanta wannan a waya. Amma yarinyar da ta tsoma hannunta ta ji ɗumin ruwan, ta yi kwana uku da shuɗin farce, ba mu tsammani za ta manta. Wani yaro mai son gwaji ya rubuta "baba" cikin manhajar fassara, ta ce masa mahaifi. Dattijon ya ce, "Ita ma ba ta yi ƙarya ba, shi ne ya ciyar da mu."

Akwai wani abu da ya faɗa wanda ya tsaya mana a rai. Ya ce a dā baƙo yakan zo ya zauna, ya yi tambaya, ya sayi ko ɗankwali kafin ya tafi. Yanzu da yawa sukan zo sun riga sun karanta, su tsaya a bakin rami su ɗauki kansu, su wuce. Hoton zai yi yawo har Turai, mai ramin bai sami na cefane ba. Haka yake ga masu yi wa baƙi jagora a irin waɗannan wurare, waɗanda bakinsu ne jarinsu. Duk da haka ba mu ce wayar maƙiyiyar marini ce ba, gama ɗansa ya nuna mana tasa, cike da hotunan zannuwa, ya ce mutanen Legas da Abuja sukan zaɓa ta nan, su turo kuɗi, ya sa musu a mota. Abin da ke hana wannan ciniki shi ke kawo wancan.

Ga iyayen da za su fita da iyali lokacin hutu, shawararmu kaɗan ce. A yi binciken a gida, a sauke taswira, a cika caji. In an isa, a yi sallama, a nemi izini kafin a ɗauki hoton kowa, balle mata da ƙananan yara, balle kuma a ƙofar masallaci ko fada ko cikin gidan mutum. Inda aka ce ba a ɗauka, kada a ɗauka a ɓoye. Idan akwai mai jagora a sallame shi da kyau, a kuma sayi wani abu a hannun masu sana'a ko ƙarami ne. Abin da aka karanta a intanet kuwa a tambayi mutanen wurin a ji ko haka ne, domin akan iske shekarun da ba su yi daidai da juna ba.

Mun sayi ƙyalle ɗaya da kuɗin da yaran suka tara, yana rataye yanzu a bangon aji kusa da taswirar Nijeriya. Zango mai zuwa gidan tarihi na Jos za mu, wanda aka buɗe a 1952, mu ga kawunan yumɓu na Nok. An riga an yarda cewa waya biyu kaɗai za su shiga mota, ta direba da ta shugaban makaranta, kowane ɗalibi kuma zai zo da tambaya uku a rubuce. Yaran sun kai ƙara wurin shugaba suna neman a ƙara waya ɗaya saboda hoto, har yanzu bai yanke ba.