GOYO DA KEKEN GURGU BA SHAIDAR SATA BA NE

Ya ku 'yan'uwa malamai da fatake, akwai wata al'ada da ta sulalo cikin kantunanmu, ya kamata a tona ta tun ba ta yi saiwa ba. Ita ce bin mai goyo da ido, da tsare gurgu a bakin ƙofa, da lalube jakar makaho, ba don an ga sun ɗauki kome ba, sai don suna tafe da abin da za a iya ɓoye kaya a cikinsa.

Bari mu fara da asalin abin. Sa'ad da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa irin su John Holt suka kafa kantuna, ciniki a kan kanta ake yinsa. Kaya suna ciki, mai saye yana waje, ya faɗi abin da yake so, yaron kanti ya miƙo masa. Hannun baƙo ba ya kai wa ga haja, saboda haka ba a damu da girman rigarsa ba. Wani Ba'amurke, Clarence Saunders, shi ne ya buɗe kanti a garin Memfis a 1916 inda mai saye zai shiga ya ɗebo da hannunsa, sa'an nan ya biya a bakin fita. A 1937 kuma wani mai kanti a Oklahoma, Sylvan Goldman, ya fito da kwando mai ƙafafu wanda ake turawa ana zuba kaya. Abin dariya, da farko mata ƙin sa suka yi, wai ya yi kama da keken jarirai, su kuwa sun gaji da tura jarirai. To, ga shi yau a Ingila da Amurka mata masu tura jarirai a keke, da tsofaffi masu kujerar guragu, suna kukan masu gadin kanti suna bin su taku taku. Wanda ya sakar wa mutane haja shi ne kuma ya koma yana tsoron hannunsu.

Wannan irin kanti ya zo birnin Kano, daga birni kuma ya biyo hanya ya iso mu. Mu nan ba mu cika tura jarirai a keke ba, goya su ake yi, a lulluɓe da hijabi. Sai zaton ya sauka a kan goyon. Akwai kuma tabon 2014, shekarar da aka yi ta turo 'yan mata da bam a ƙarƙashin lulluɓi, har Kantin Kwari a watan Disamba. Tun daga nan masu gadi suka saba da laluben mata a ƙofa. Wancan tsoron ya lafa, amma sabon bai fita ba, sai ya sake suna ya zama tsoron sata.

Dubi Kwanar Dangora, inda hanyar Zariya ta rabu da wadda ta nufi Tudun Wada da Doguwa, ta ratsa Dajin Falgore zuwa Jos. Mai shago a nan rabin masu sayensa matafiya ne, bai san su ba, ba kuwa zai sake ganinsu ba. Ba mu ce ba a yi masa sata. Ana yi, ribar sabulu da gwangwanin madara kuma ba ta da yawa, kaɗan ya ɓace sai uwar kuɗi ta taɓu. Haƙƙinsa ne ya tsare dukiyarsa. Abin tambaya shi ne, a kan wa zai ɗora ido?

Kai mai karatu, lura da yadda gurgu ke tafiya a kekensa. Hannuwansa biyu suna kan marikin da yake juyawa. Da wane hannu zai riƙe kwando? Tilas ya sa sukari a cinyarsa, ko a akwatin keken, har ya kai wurin biya. Haka mai goyo, hannu ɗaya yana tallafe da na baya, ɗaya yana riƙe da yayansa kada ya ɓace, sai ta cusa ƙullin omo a gefen hijabi. Mai dogara sanda biyu kuwa aljihu ne kwandonsa. Aikin ya yi kama da na ɓarawo, alhali kuwa lalura ce. Ɓarawon gaske yakan shigo hannu sake, ƙafa sake, domin gudu yake shirin yi. Wane ne ya taɓa ganin keken gurgu ya tsere wa yaron kanti?

Waɗannan bayin Allah kuwa ba kaɗan ba ne a ƙasarmu. Shan inna ya daɗe yana kama yara a Kano kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shelar an rabu da nau'insa na asali a Afirka a watan Agusta na 2020. Waɗanda cutar ta taɓa suna nan, sun girma, sun yi iyali, waɗansu maƙera ne masu haɗa kekunan nan da kansu. Da kuɗin guminsu suke zuwa kanti.

Malamanmu na mazhabar Imamu Malik ba su bar wannan babi a buɗe ba. Wanda ya karanta Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim, ko Tabsira ta Ibnu Farhun, ya san an kasa wanda ake tuhuma da sata gwargwadon halinsa: akwai wanda aka sani da kirki, akwai wanda aka sani da ɓarna, akwai wanda ba a san halinsa ba. Na farko ba a sauraron ƙara a kansa in ba shaida, har waɗansu malamai suka ce mai ƙarar ne za a ladabtar. A duk kason nan hali aka duba, ba a ce a dubi goyo ko sanda ba. Haddin sata kansa ba ya tabbata sai da shaidu biyu adalai ko iƙirari, kuma sai abin ya kai rubu'in dinari. In alƙali bai isa ya hukunta da zato ba, yaron kanti ne zai isa? Aya ta 12 a Suratul Hujurati ta haɗa hani ga yawan zato da hani ga binciken asirin mutane a wuri guda, kowane almajiri ya rubuta ta a allo.

Dokar ƙasa ma ta yi magana. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga naƙasassu. Mutum ɗaya in ya keta ta, tarar naira 100,000 ce, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu. Kamfani kuwa naira 1,000,000. Fatake su san da wannan.

Abin da ya fi tara ban tsoro shi ne kalmar nan ta “ɓarawo!” in ta fita a bakin hanya. Ba a mayar da ita ciki. Mutanen kudancin Kano sun ɗanɗani ƙarshen zato a watan Maris na 2025, sa'ad da aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo suna hanyar dawowa gida salla, aka kai ta'aziyya ƙasar Bunkure. Mai lafiya in an yi masa ihu yana iya neman mafaka. Gurgu da mai goyo a inda suke za a same su.

To, me mai shago zai yi? In zai karɓi jaka a ƙofa, ya karɓi ta kowa, ta alhaji da ta almajiri, ya ba da lamba. Ya buɗa tsakanin kaya yadda keke zai wuce. In gurgu ya shigo, yaro ya ɗauko kwando ya bi shi da sunan taimako, ya riƙe masa kaya; an tsare haja, an kuma tsare mutunci, da aiki guda. In har an ga ɗauka da ido, ko na'urar ɗaukar hoto ta nuna, a ja mutum gefe a yi magana a hankali, mace kuwa mace ce za ta duba ta, a bayan labule. In abu ya ci tura, guragu da makafi suna da sarakunansu tun zamanin kakanni, ga mai unguwa, ga sarkin kasuwa. A kai magana can kafin a tara jama'a.