MASU TSARON DA KE CIKIN RUWAN JINI

Kowane manomi ya san abin da ke samun fartanyar da aka bari cikin raɓa. Tsatsa ce ke cin ta. Iska da laima su ne ke wannan aiki, kuma irinsa yana faruwa cikin jikinmu. Iskar da muke shaƙa ita ke ƙona abinci ya zama ƙarfi, amma wajen ƙonawar akwai tartsatsin da ke tashi, wanda ke lahanta nama da jijiyoyi in ba a kashe shi ba. Ƙarfe ko tagulla da ke yawo sakaka cikin jini su ke ƙara hura wannan wuta.

To, me ke tsare mu? In aka ɗebi jini a asibiti aka tace shi cikin kwalba, jan yakan kwanta ƙasa, wani ruwa mai launin rawaya ya taso sama. Cikin wannan ruwa akwai sinadaran furotin, yawancinsu hanta ce ke ƙera su daga abincin da muka ci. Babbansu shi ne albumin, wajen giram 35 zuwa 50 a kowace lita, fiye da rabin dukan furotin ɗin ruwan. Yana riƙe ruwa cikin jijiya, yana kama tagulla, yana kuma tarar tartsatsin nan da jikinsa. Transferin shi ne mai dakon ƙarfe, ba ya barin sa ya taɓa kome sai ya kai shi ɓargo inda ake yin sabon jini. Akwai kuma haftogulobin, mai kwashe jan abin da ke zuba in ƙwayoyin jini suka fashe. Zazzaɓin cizon sauro da amosanin jini suna fasa ƙwayoyi da yawa, har haftogulobin ya kusa ƙarewa.

Ga inda maganar ta shafe mu. Cikin Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sauro kuma ya yi yawa, nakan ga yara a ƙauyukan Roni da Gwiwa da ƙafa a kumbure, gashi ya yi ja. Wannan ce tamowar da Likita Cicely Williams ta bayyana a Akara a 1933, wadda ake kira kwashioko. Albumin da transferin na irin wannan yaro sun yi ƙasa ƙwarai. Uwa kuwa, don ƙauna, sai ta ce ɗanta ba shi da jini, ta sayo maganin ƙarin jini a kemis. Maganin nan ƙarfe ne, ga shi kuma 'yan dakon sun ƙaranta. Ƙarfen sai ya yi yawo ba mai riƙe shi, ya hura tartsatsi, ya kuma ciyar da ƙwayoyin cuta. Tun 1970 masu bincike a Ibadan suka lura cewa yaran da transferin ɗinsu ya fi faɗuwa su ne suka fi mutuwa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara da madara ta musamman, ƙarfe ya biyo baya sai yaro ya soma cin abinci yana ƙara nauyi.

Kada kuma wani ya ce akwai ƙwayar da za ta maye gurbin waɗannan masu tsaro. An gwada a Malawi, aka ba yara garin bitamin masu kashe tartsatsi, sakamakon da ya fito a 2005 ya nuna bai hana kumburin ba.

Abin da ke hannunmu shi ne tukunya. Wake, waken soya, ƙuli-ƙuli, nono, ƙwai da kifin dam ɗin Kazaure, duk kayan aikin hanta ne. A dama kunun yaro da gyaɗa, amma a tsince wadda ta yi fumfuna a zubar, gama dafinta hantar yake bugu. In kuka danna ƙafar yaro da yatsa gurbin ya zauna, ku kai shi asibiti ran nan, kada ku biya ta kemis.