Bugun Kai da Ciwon Wuya: Yaushe Ya Kamata Mai Gyaran Ƙashin Baya Ya Sa Hannu?

A ranar 1 ga Janairun 2011, a wani wasan hoki na kan ƙanƙara a birnin Pittsburgh na Amurka, wani abokin hamayya ya bangaji Sidney Crosby a ka. Bayan kwana huɗu aka sake maka shi da bangon fili. Crosby, wanda ake yi wa kallon gwanin gwanaye a wasan, bai sake buga gasa ba sai watan Nuwamba. Likitoci suka ce girgizar ƙwaƙwalwa ce. Cikin masu jinyarsa har da Ted Carrick, ƙwararre a kairofuraktik, sana'ar gyaran ƙashin baya da wuya da hannu, wadda D. D. Palmer ya kafa a jihar Iowa a 1895. Crosby ya dawo, ya buga 'yan wasanni, ciwo ya sake tashi. Sai a Janairun 2012 aka gano cewa yana ɗauke da rauni a wuya.

Tun daga nan masu wannan sana'a a Amurka da Kanada suke ƙara kira ga wanda ya bugu a ka da ya zo wurinsu da wuri. Maganarsu tana da tushe. Ƙarfin da ya isa ya jijjiga ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai sau da yawa ba ya ƙyale wuya lafiya, tunda wuyan ne ke ɗauke da kan. Gaɓoɓi da tsokokin saman wuya suna aika wa ƙwaƙwalwa saƙon inda kai yake fuskanta, ita kuma ta haɗa shi da saƙon ido da na cikin kunne, mutum ya tsaya da ƙafafunsa. Idan wuya ya yi targaɗe, saƙonnin nan sai su saɓa wa juna. Mutum ya juya don amsa sallama, ɗaki ya juya da shi. Ciwo ya taso daga ƙeya ya zagayo bayan ido. Karatun shafi ɗaya ya gagara. Ana iya ɗora wa ƙwaƙwalwa laifin duka, alhali wuya ne ke kuka.

To amma wane irin sa hannu? A 2014, Kathryn Schneider da abokan aikinta a Jami'ar Calgary sun gwada jinyar wuya tare da atisayen daidaita tsayuwa a kan 'yan wasan da ciwonsu ya ƙi tafiya. Cikin mako takwas, kashi 73 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa jinyar sun samu izinin komawa wasa, a rukunin da ba a yi wa jinyar ba kuwa kashi 7 kacal. Sakamako ne mai faranta rai, sai dai mutanen ba su wuce talatin da 'yan kai ba, ma'aikatan gashin ƙashi ne suka yi aikin, kuma marasa lafiyar sun riga sun ɗauki lokaci suna fama. Bai kamata a ɗauko wannan bincike a kafa hujja da shi don murɗe wuyan wanda ya bugu jiya ba.

Taron masana na duniya kan girgizar ƙwaƙwalwa a wasanni, wanda aka yi a Amsterdam a Oktoban 2022, ya shimfiɗa tsari a sarari. A huta na awa 24 zuwa 48, a rage kallon waya, ba tare da an kulle mutum a ɗaki mai duhu ba. Daga nan a fara tafiya a hankali, gwargwadon yadda jiki ya ɗauka. Idan jiri, ciwon wuya ko ciwon kai ya haura kwana 10, sannan a shiga jinyar wuya da ta daidaita tsayuwa. A birnin Buffalo ma, binciken John Leddy na 2019 ya nuna matasan da suka soma motsa jiki mai sauƙi da wuri sun warke a kusan kwana 13, masu miƙe gaɓoɓi kawai kuwa a kwana 17.

Abin da ya fi damuna shi ne murɗar nan ta farat ɗaya, wadda wuya ke yin ƙas. Jijiyoyin jini biyu suna ratsa ƙasusuwan wuya su hau ƙwaƙwalwa. A 2014 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce akwai alaƙa tsakanin murɗa wuya da tsagewar jijiyoyin wuya, abin da kan jawo shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai yake faruwa ba, amma wuyan da ya riga ya sha bugu ba wurin gwaji ba ne. Kafin a taɓa wuya kuma, a sani cewa hoton kai na iya fitowa lafiya lau ga mai girgizar ƙwaƙwalwa. Amfaninsa shi ne tabbatar da cewa jini bai taru a ciki ba. Wannan aikin likita ne, kuma shi ne na farko.

Mu a nan masu kairofuraktik ba su da yawa, amma tambayar tana bakin ƙofarmu. Ɗan acaɓa ya faɗi ba hular kwano, ɗan dambe ya sha kwab ɗaya ya zube, a yayyafa masa ruwa, ya miƙe, a ce ai ya farfaɗo. In wuya ya sage a nufi gidan mai ɗori a ja shi. Wanda ke ta amai, ko barci ke rinjayarsa, ko ciwon kansa ke ƙaruwa, ko ya yi farfaɗiya, ko hannu ko ƙafa suka mutu, a kai shi asibiti nan take, a riƙe wuyansa kada ya motsa a hanya. Idan likita ya sallame shi, kwanaki suka ja jiri bai tafi ba, a nemi wanda ya san aikin wuya, a kuma tambaye shi tun kafin ya taɓa: da lallashi zai yi, ko da murɗa?