Shata, Indiya da Karen Mota a Memori Ɗaya

Ƙanena da ke noman tumatir a gefen Bunkure yana da wata al'ada da ban san inda ya samo ta ba. Duk ƙarshen Disamba sai ya zare memorin wayarsa ya kai wa yaron da ke cajin waya a bakin titi, ya ce a goge kaf a zuba sabon lodi. Kuma ba shi kaɗai ke zaɓa ba. Duk wanda ke bencin mai shayi a wannan daren yana da damar jefa waƙa ɗaya, tun daga tsohon da ke gadin kwanduna har yaron da ke wanke kofuna. Abin da ya fito, shi zai raka shi ban ruwa har a tsinke tumatir na ƙarshe. Bana ya turo mini, ya ce, "Yaya, ka saurara ka gaya mini ko akwai mai hankali a cikinmu." Na saurara. Tsari kam babu ko na anini, amma kusan duk waƙar da na ɗaga sai na tarar da wani abin mamaki kwance a ƙarƙashinta.

Ita kanta sabuwar shekarar sai da aka yi musu a kanta. Tsohon mai gadi ya ce wannan ta Bature ce, tasa sai watan cika-ciki. Yana da gaskiyarsa. Da yake shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da wajen kwana 11, a 2008 sau biyu Muharram ya kama: ɗaya a Janairu, ɗaya a ƙarshen Disamba. Manomin rani kuwa lissafinsa daban ne, ranar da aka sako ruwa a kanal ita ce ɗaya ga wata. Kafin a kammala dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, rani lokacin tafiya ne ga samarin Kura da Bunkure da Garun Malam. Yanzu nan ake zuwa ci-rani.

Waƙar farko ta Shata ce, kuma ba wanda ya ja. Amma ba Bakandamiya aka sa ba, ta kumbon Apollo 11 aka ɗauko. Amurkawa sun sauka a kan wata a Yulin 1969, mai kalangu ya mayar da labarin waƙa, tun ba a san dam ɗin Tiga ba. Mutumin da bai zauna ajin boko ba, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin dakta na girmamawa a 1988. Garuruwa huɗu suka raba shi: a Musawa aka haife shi, a Funtuwa ya yi zama, a Kano ya rasu ranar 18 ga Yuni 1999, a Daura aka rufe shi. Kowanne kuma cewa yake yi nasa ne.

Wani karen mota da ya kwana yana jiran lodi a Kwanar Gafan shi ya jefa ta Ɗan Maraya Jos, kuma kowa ya san wadda zai zaɓa, tasa ce, Waƙar Karen Mota. Ka dubi kuntigi da kyau: gwangwanin kifi ne aka rufe da fatar akuya, aka soka sanda, aka ɗaura tsirkiya ƙwaya ɗaya tal. Da wannan Adamu Wayya, marayan da aka haifa a Bukuru a 1946, ya zaga ƙasashen duniya, ba 'yan amshi ba maroƙa. Duk kayan aikinsa aljihun babbar riga ya ishe su. Ya rasu ranar 20 ga Yuni 2015, kwana biyu kacal tsakaninta da ranar Shata a kalanda.

Narambaɗa ya shigo da doki. Makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, amma waƙarsa da ta fi yawo a bakin mutane har yau ta wani doki ce, Ɗanhilinge. An kuma ce laƙabin nasa ma daga wata karya da ya kiwata ya samo shi, mai suna Rambaɗa. Doki a gaba, karya a baya, sarauta a tsakiya.

A kan Musa Ɗanƙwairo na ɗan jima. Mun fi saninsa da kotso da fada da waƙar Sardauna, amma gidan da ya fito gidan kiɗan noma ne, a ƙasar Maradun. Wato muryar da ake jin daɗinta yau a cikin mota mai sanyi, a bakin kunya ta koyi tashi. Na tarar da ƙarshen zamanin kiɗan noma ina yaro. A yi gayya, samari su jeru da garemani, mai gangar noma yana biye da su a baya, yana kiran kowa da taken gidansu. In ka yi gaba ya wasa ka, in ka sare ya yi maka zambo a gaban 'yan matan da suka kawo fura. Wayar da ke aljihun ƙanena tana da waƙa ɗari, amma ba ta san wanda aka bari a baya ba, ba ta kuma san sunan uban kowa ba. A nan, a ganina, an yi mana ƙwange, ko da yake ragwaye ba za su yarda ba.

Matar ƙanen nawa ba ta zuwa teburin mai shayi, amma ta aiko da saƙo ta bakin ɗanta cewa in ba a sa Barmani Coge ba kada memorin ya shigo mata gida. An sa. Kiɗan ƙwarya shi ne kiɗan da ya fi dacewa da ƙasar ban ruwa, don da ruwa ake yin sa: a cika babban masaki, a kifa ƙaramar ƙwarya a kai, a riƙa bugu. Barmani, wato Sa'adatu 'yar Funtuwa, ta shekara da shekaru tana yi wa mata faɗa su kama sana'a, har ta rasu a 2013. Wanda ya bi ta Kura da safe ya ga hayaƙin masu turara shinkafa da tabarmin shanya jere, ya san faɗan ya shiga.

Sai ga Indiya. Muryar Lata Mangeshkar ce, daga fim ɗin Mother India na 1957, kuma tsohon mai gadin nan da ya ce shekarar ta Bature ce, shi ya zaɓa. Ya ce a silima ya gan shi a Kano yana saurayi, kuma har yau bai san abin da matar take faɗa ba. Ga inda abin ya ba ni dariya: fim ɗin labarin wata manomiya ne da bashi ya ci gonarta, kuma da bikin buɗe sabon kanal ya fara, da shi ya ƙare, ana roƙon tsohuwar ta saki ruwa ya shiga gonaki. Dattijo ya kalli kanal ɗinmu a majigi tun kafin a haƙa shi. Ba shi kaɗai Indiya ta kama ba. A Kano har ƙungiyoyin masu bandiri aka yi da ke ɗaukar karin waƙar fim ɗin Indiya, su cire baitin soyayya su ɗora begen Manzon Allah (SAW) a kai. Lata ta rasu a Fabrairun 2022, kuma Hausawa da yawa sun yi jimami kamar gwaggonsu ce.

Wani Buzu mai sayar da ganyen shayi ya kawo jita daga Agadas, ta Mdou Moctar. Jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da wayar burkin keke a madadin tsirkiya. Kundinsa na farko kuma a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin na'urar lanƙwasa murya ta waƙoƙin finafinan Hausa. Ba kanti ba rediyo, daga waya zuwa waya waƙoƙin suka bi Sahara, har wani Ba'amurke da ke tattara abin da ke cikin memorin mutane ya ci karo da su ya shiga neman mai su. Yau a manyan dandalin Turai da Amurka yake wasa. Na gaya wa yaron caji wannan labari, ya ce to shi ma ashe babban kamfani ne, a daina raina masa rumfa.

Akwai ta Sudan guda, ta A'isha Falatiya, wadda wani alhaji ya nema. Iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka tafi, ita kuma ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a gidan rediyon Omdurman, a 1942. Akwai gurmin Haruna Uji na Haɗeja, inda ruwan da ya wuce fangalanmu ke gangarawa. Akwai Aminu Ala, wanda littattafan labari ya fara rubutawa kafin a san shi da waƙa. Akwai Jarumar Hamisu Breaker, wadda ta tashi a 2020 lokacin kullen korona, matan aure suna taka rawa a gaban mazajensu ana ɗauka ana watsawa, malamai suna faɗa. Wannan yaron kofuna ne ya sa, ya kuma rantse ba shi ba ne.

Ɗaya ce tak a cikin lodin ake rerawa a daren sabuwar shekara, kuma wani ɗan bautar ƙasa da ke koyarwa a garin ne ya kawo ta: Auld Lang Syne, wadda Robert Burns na Sikotilan ya rubuta a 1788, Turawa ke rerawa da sha biyun dare suna riƙe da hannun juna. A Japan kuwa in ka ji an saki wannan kari a kanti, cewa ake yi ka tattara ka fita, za a rufe. Koriya ma ta taɓa ɗora taken ƙasarta a kansa. A Bunkure hukuncin da aka yanke mata gajere ne, mai shayi ya ce ta yi kama da kiɗan sojoji in an yi rashi.

Da can ba haka ake raba waƙa ba. Kati ake saye a rubuta wa Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, a jero sunayen dangi da abokai, a zauna mako da makonni ana jiran filin zaɓi-sonka. Gaisuwar takan fi waƙar tsawo. Daga baya kaset ya zo, mai juyawa da biro in zare ya harɗe.

Kaset ɗin ma bai bar gona ba. Bara da shinkafa ta fara nuna na bi ƙanena gonarsa ta damina, na ga an kakkafa sanduna an ja wani siririn zare mai ƙyalli daga wannan kunya zuwa waccan, iska na kaɗa shi yana wani ɗan zuuu. Maganin jan-baki ne, in ji shi, ƙyallin da ƙarar ke firgita tsuntsu. Na duƙa na ɗauki fankon da aka yar a bakin kanal, na goge taɓon da babban yatsa. Rubutun Baba ne da jan biro, Allah ya jiƙansa: Shata, 1986. Na ce, "Kai, kaset ɗin Baba ka warware?" Ya ce, "Yaya, ai yana cikin memori." Ya juya ya ci gaba da jan igiyar gwangwanaye.