Man Shafawa Mai Feftaid: Ko Yana Goge Tamojin Fuska?

'Yan'uwa, a 'yan shekarun nan masu talla suna kawo wani man shafawa kasuwanninmu mai rubutun "peptide" a jikin kwalba, suna cewa yana mai da tsohuwa yarinya. Kafin mu kashe kuɗin hatsi a kansa, yana da kyau mu san mene ne shi.

A ƙarƙashin fatarmu akwai wani sinadari mai suna kolajin, shi ne ke riƙe ta a miƙe. Shekaru, da zafin rana, da shan taba suna rage shi, sai fata ta saki, tamoji su fito. Feftaid kuwa 'yan gutsattsarin furotin ne da ake zubawa cikin mai domin su zaburar da fata ta ƙera sabon kolajin. Wani masani a Amurka, Loren Pickart, ya gano irin mai haɗe da jan ƙarfe a 1973. Kamfanin Sederma na Faransa kuma ya fito da Matrixyl a 2000.

Yana aiki? Kaɗan. Gwaje-gwaje sun nuna yakan rage ƙananan layuka bayan shafawa kullum har wajen wata uku, amma ba ya goge tamoji masu zurfi. Dalili shi ne fata katanga ce, abin da ke ratsa ta bai taka kara ya karya ba. In kuma aka daina shafawa, amfanin yakan gushe.

Babban haɗari yana wajen jabu. Man da ya haska fuska cikin sati guda ba aikin feftaid ba ne. Sau da yawa an cakuɗa shi da sinadaran bilicin, har da makuri mai lalata ƙoda, ko maganin sitiroyid mai sa fata ta yi siriri har miki ya ƙi warkewa.

Don haka mu kula da waɗannan:

1. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki.
2. Kada a sayi man da aka ɗura a kwalba marar suna.
3. A fara gwadawa a hannu kwana biyu. In ya yi ƙaiƙayi, a bar shi.
4. Mai ciki da mai shayarwa su tambayi ma'aikacin asibiti tukuna.

Malfa a gona tana tare rana, man kaɗe kuma yana hana fata bushewa lokacin hunturu, kuma kuɗinsu bai kai na kwalba ɗaya ba. Tamoji ba ciwo ba ne, kada mu sayo ciwo garin gudunsu.